Ranar da Anti Almakashi Ba Ta Danna Ba

A tsakiyar waƙa ta biyu Anti Almakashi ta yanke mu. Ina wanke-wanke a kicin, rediyo na kan taga, sai kawai kiɗan ya ɗauke ɗif, na ji ta ja numfashi irin na wadda za ta fara aiki.

Haka tsarin shirinta yake, kowa ya sani. Duk Asabar da hantsi takan ɗauko sabon albam, na rok ne ko na hip-hop ko na masu waƙar soyayya, ta sa shi daga farko, yatsanta a kan wani jan maɓalli. Inda haƙurinta ya ƙare nan take dannawa, sannan ta faɗi dalili. Shi ya sa aka laƙaba mata Almakashi. Akwai wani ɗan hip-hop da ko gama kirarin kansa bai yi ba ta datse shi, wai ta ji sunan, ya isa haka.

"Na ga yaran nan a dandali bara," in ji ta, "har takalmi na cire na taka rawa. Yau kuma ga abin da aka kawo mini. Jama'a, mutum huɗu ne a faifan nan, amma na rantse ba a ɗaki ɗaya suke ba. Mai jita yana gabas, mawaƙi yana yamma. Mai jitar bes ban ma san ko ya zo ba. Ita kuwa mai ganguna, ko an musanya ta da agogon bango ne? Wannan ba ƙungiya ba ce, mutane ne da ba sa gaisawa."

Ni ce agogon bangon. Na tsaya da soso a hannu. Da ƙarya ta yi da na ji sauƙi, sai in zage ta in ci gaba da wanke kwanukana. Abin haushin shi ne matar nan ba ta san komai a kanmu ba, kunne kawai ta sa, kuma ta faɗi daidai.

Mu huɗu ne. Yayana shi ne mai jita, shi ke rubuta waƙoƙin. Dogo, abokinsa tun firamare, shi ke rerawa. Sai mai bes, jitar nan mai kaurin amo, da muke kira Shiru, don sai ya wuni bai ce uffan ba. Sai ni, Auta. Rigimar ta samo asali ne daga wata hira da aka yi da Dogo a talabijin, inda ya yi ta cewa "waƙoƙina, waƙoƙina" har aka rufe shirin bai ambaci Yaya ba. Tun daga ranar ba sa ga maciji da juna.

Furodusanmu kuwa ko a jikinsa. Ya ce ai yanzu ba sai an haɗu ba. Kowa ya zo ranarsa, ya toshe kunne, ya buga nasa shi kaɗai, shi zai haɗa a kwamfuta. Nawa kiɗan ya bi shi bugu-bugu yana miƙarwa, wai ina jan ƙafa a wasu wurare. Inda muryar Dogo ta yi rawa ya sa na'ura ta goge. Faifai ya fito tsaf, ba ƙura ba rai. Ranar da ya fito Yaya ya kai jitarsa shagon kayan kiɗa ya ce a sayar, shi ya gama. Jitar da na buɗe ido na gani a hannunsa ke nan, kuma na san in ta tafi, mun watse har abada.

To, shirin Anti yana da wata ƙa'ida: wanda duk ta yanke yana da damar zuwa Asabar mai zuwa ya mayar da martani. Yawanci zuwa suke su yi mata wankin babban bargo, ita kuma tana kurɓar shayinta. Na kira su ukun na ce a haɗu a garejin gidanmu inda muke gwaji da. Abin da roƙona ya kasa yi, haushi ya yi. Duk suka zo.

Yaya ya zauna a kan tsohuwar taya, Dogo ya jingina da ƙofa, kowa yana kallon bangonsa.

"Auta, faɗa wa wancan, shi ya jawo mana," in ji Yaya.

"Auta, ce masa ba muryata aka ce tana gabas ba," in ji Dogo.

"Kai aka ce kana yamma, ai duk ɗaya ne!" na ce. "Ni da aka mayar agogo na yi magana?"

Muka yi ta tsara abin da za mu gaya mata, kowace magana sai ɗaya ya rushe ta ɗaya. Can sai Shiru ya yi gyaran murya, duk muka juya, don abin ba kullum ba ne.

"Ta ce ba ma iya zama ɗaki ɗaya," ya ce. "To mu je mu zauna a nata. Da kayanmu."

Yaya ya daɗe yana murza haɓa. Daga baya ya ce zai karɓo jitar, tunda ba a saya ba tukuna, amma kada wani ya yi murna, ana gama shirin zai mayar. Muka yi gwaji a makon, ba yabo ba fallasa. Suna bugawa suna rerawa, amma ko sau ɗaya ba su haɗa ido ba.

Ranar Asabar muka hau benen gidan rediyon da ganguna a ka. Ina zaton zan ga wata gabjejiya, sai ga 'yar ƙaramar mata da tabarau a kan hanci da filas ɗin shayi a gefe. Ta dube mu, ta dubi kayan.

"Ina zagin da kuka kawo mini?"

"Ba mu zo da magana ba, Anti," na ce. "Waƙar da kika yanke za mu buga."

"Madalla. Sai dai ku sani, maɓallina yana kashe makirufo ma."

Ɗakin don hira aka gina shi, ba don kiɗa ba. Da ƙyar ganguna suka samu kusurwa, Shiru ya manne da bango. Makirufo uku ne kacal: ɗaya nata, ɗaya tsakanina da Shiru, na ƙarshen kuwa dole Yaya da Dogo su raba. Injiniya ya tura su kafaɗa da kafaɗa, ya ce kada wanda ya matsa. Na ga Yaya yana cije leɓe, na kusa fashewa da dariya.

Jar fitila ta kama, alamar masu sauraro na jin mu. Na haɗa sanduna, muka shiga.

Baiti na farko ya wuce lafiya, ba daɗi sosai, amma lafiya. Anti ta ɗora yatsa a kan maɓallin, idonta a rufe. Muka tunkari wurin da ta datse mu, inda murya ke hawa sama sosai, inda na'ura ta rufa wa Dogo asiri a faifai. Yau babu na'ura. Ya hau, muryar ta yi rawa, ta fara tsagewa. Na ga yatsan Anti ya lanƙwashe.

Sai Yaya ya sunkuyo kan makirufon ya sa tasa muryar a ƙarƙashin ta Dogo, ya tallafe ta, yadda suke yi tun suna yara a garejin gidanmu. Ni kuma na ja ƙafa. Da gangan na ja, na jinkirta bugun kaɗan don su samu wurin numfashi, abin da agogon bango ba zai taɓa yi ba. Shiru ya biyo ni ba tare da ya ɗago ba. Dogo ya juyo ya kalli Yaya, ya sake hawa, wannan karon ya kai har ƙarshe. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Na dinga dukan gangunan nan har filas ɗin shayin ya fara tafiya a kan tebur.

Muka gama. Yatsan Anti yana nan a kan maɓallin, ba ta danna ba, ƙafarta kuma ba takalmi.

Ta buɗe ido ta jawo makirufonta. "Masu sauraro, faifan nan dai bai yi ba, ban janye ko kalma ɗaya ba. Kada ku saya. Amma waɗannan da ke gabana, duk inda kuka ji za su yi wasa, ku je ko da ƙafa ne. Wa ya rubuta waƙar nan?"

Dogo ya goge gumi. "Shi ne, Anti. Dukkansu shi ya rubuta. Ni baki kawai na ara musu."

"To ka riƙa faɗa, ɗana. Ke kuma mai ganguna, na mayar miki da sunanki."

"Na gode, Anti. Agogon ma ya gode."

Muka sauko da kaya muna ta surutu, har Shiru sai da ya ce, "Kai!" Muka cusa komai a bayan motar Dogo, ban da jitar Yaya. Hanyar gida ta gaban shagon kayan kiɗan take bi, kuma tun daga nesa na hango allonsa. Dogo ya rage gudu ya sa sigina. Ni kuma ina kallon jitar a kan cinyar Yaya.

"Wa ya ce ka tsaya?" in ji Yaya, kuma ba ta bakina ya aika ba. "Wuce, malam. Gobe da hantsi a gareji, faifan nan sake shi za mu yi daga farko. Kuma ka zo da muryarka, ba kullum zan riƙa goya ka ba."

Dogo ya kashe siginar ya taka mota.