Kejin Ƙarfe a Motar Renita

Ni direban motar 'yan makaranta ne a wani ƙaramin gari a Alabama, kuma ban taɓa wuce ƙa'idar gudu ba. Matata Lavonne takan ce in ni ne ke tuƙi zuwa coci, gara mu kama hanya tun ranar Asabar. To, a gidan irin wannan mutum aka haifi 'yata Renita.

Tana aiki a asibitin haƙori, hannunta kullum tsaf, amma da ta dawo gida sai ta canza kaya ta shige gareji. Motar da ta sayo a gwanjo Camaro ce baƙa, wadda ambaliya ta shanye har rufi. Ranar da aka sauke ta a ƙofar gidanmu, da aka buɗe ƙofa sai wari ya kori kare. Laka ta bushe a kan kujeru, ta shiga har cikin fitilu. Na ce mata wannan ai gawa ce, a kai ta bola. Ta ce in ba ta lokaci.

Na ba ta lokacin, don na ɗauka za ta gaji. Ba ta gaji ba. Ta sauke injin ta wargaza shi, ta jera kowane ƙarfe a kan tsofaffin tawul ɗin uwarta. Ta canza fistan, ta zare wayoyin da ruwa ya ci ta ja sababbi ɗaya bayan ɗaya. Kujerun kuwa da hannunta ta ɗinka su da jar fata, a keken ɗinkin kakarta. Nakan kai mata shayi mai ƙanƙara in tsaya ina kallo, ina mamakin inda ta samo wannan haƙuri. Ranar da motar ta tashi, maƙwabcinmu ya fito da cokali a hannu yana tambaya ko tsawa aka yi.

Da nan ta tsaya da na yi barci. Sai ta ɗora wa injin wata na'ura mai cusa masa iska da ƙarfi, ta canza salansa, ta sa faffaɗan tayoyi a baya, ta kai aka gyara kwamfutar motar. Aka auna aka ce ƙarfinta ya kusa ninka na da. Daga nan ta ce za ta fara zuwa filin tseren da ke bayan gari, inda motoci biyu ke jerawa su miƙe rubu'in mil.

Abu ɗaya na roƙe ta: ta sa kejin ƙarfe a cikin motar, irin bututun da ake waldawa kewaye da direba, don in mota ta kife kada rufi ya danne mutum. Ta ƙi. Ta ce sai an cire kujerun baya, an huda shimfiɗar ƙasa, an ɓata mata aikin da ta sha wuya a kai. Na yi lallashi, na yi fushi, na turo uwarta. Ta ce ita ba yarinya ba ce, kuma da guminta ta yi motar. Gaskiyarta ce, shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

Asabar ɗin farko na bi ta. Rana ta take, ƙamshin soyayyar tarwaɗa ya gauraye da ƙaurin taya. Na tsaya jikin shinge ina riƙe da hulata. Wani dattijo mai suna Hollis, wanda ke duba motoci kafin su shiga layi, ya lura da ni ya tambaya ko ni ne uban mai baƙar motar. Ya yaba aikinta, ya ce ya daɗe bai ga injin da aka haɗa da tsabta haka ba. Na gaya masa damuwata. Sai ya ce ai filinsu yana da doka: duk motar da ta gama tseren ƙasa da daƙiƙa goma sha ɗaya ba keji, korar ta suke yi, ba ta dawowa sai an sa.

"To motar 'yata za ta iya?" na tambaye shi.

"Wannan? Ko da birki a ɗaure," in ji shi. "Amma ka sa kunne. 'Yarka ta san dokar."

Na sa kunne. Fitila ta ba da kore, motar ta tsuguna ta baya ta yi tsalle, ƙararta ta daki ƙirjina. Kafin ta kai ƙarshe sai na ji ƙarar ta faɗi. Renita ta ɗaga ƙafa daga totur da gangan, don kada ta haye iyakar. Zagaye na biyu ma haka. Wato za ta yi ta wannan gudun kowane mako, ba abin da ke tsakaninta da kwalta sai siririn rufi, kuma ba mai hana ta.

A zagaye na uku aka haɗa ta da wani ƙaton mutum mai gemu, Dwight, mai farar Mustang. Ina tsaye kusa na ji yana gaya wa abokansa cewa motar ta yi kyau, amma mai ita zuciyar kaza gare ta, da ta hango ƙarshe sai ƙafarta ta yi sanyi. Suka yi dariya.

Na taka zuwa inda Renita take jiran layi. Na sunkuya a tagarta na maimaita mata maganar Dwight, ban ƙara ko kalma ba. Ta ɗaga gilashin hular kwanonta ta dube ni.

"Baba, kai ne kake ce mini in taka?"

"Ni dai abin da na ji na faɗa miki."

"Na san abin da kake yi fa, tsoho. Na gan ka da Mista Hollis."

"To ki ɗaga ƙafar, 'yata. Mai gemu ya ci."

Ta yi ƙwafa ta sauke gilashin.

Ban san na iya addu'a irin ta ranar ba. Rabin zuciyata na roƙon Ubangiji ya tsare ta, rabi na roƙon ya ƙara mata gudu. Kore ya kama. Motocin biyu suka fita tare, sai baƙar ta fara zamewa gaba, a miƙe sak kamar an ja ta da zare. Ina jiran ƙarar ta faɗi, ba ta faɗi ba, sai ƙara hawa take har ta wuce allon ƙarshe. Na ga fitilun birki sun kama can nesa, sannan na tuna ban yi numfashi ba.

Da ta dawo, Hollis ya tare ta a gaban kowa ya ce ta gama ƙasa da daƙiƙa goma sha ɗaya, ta kwashe motarta ta bar masa fili, kada ya sake ganinta sai da keji. Sai mutane suka hau tafi. Ashe a wurinsu wannan kora abin alfahari ce. Dwight da kansa ya zo ya miƙa mata hannu, ya ce ya janye maganar kaza, ya roƙa ta buɗe masa bonet ya gani. Ta fito tana gumi tana dariya, ban taɓa ganin fuskarta da haske haka ba.

Washegari bayan coci muka shiga gareji. Ta kwance kujerun baya, ta shafa jar fatar, ta ce in kai su ɗakinta in rufe da zane. Na kai na dawo, zuciyata wasai. Ta miƙo mini sifana ta ce in riƙe mata wani noti.

"Ka san dai, Baba, in an sa kejin, sun yarda in yi gudun da ya fi na jiya," ta ce daga ƙarƙashin motar. "Kuma injin nan bai nuna duk abin da ke cikinsa ba."

Na ce ban sani ba. Na tambaye ta wane kauri ne bututun ya kamata ya yi. Ta faɗa mini. Na ce a sa wanda ya fi shi kauri, kuma ni zan je in zaɓi mai waldar.