Zabuwar Kalilu

"Riƙe ni ta nan, Malam, ba ta can ba. Kai dai in ba alli ba, ba ka iya riƙe komai ba."

Malam Uwaisu ya sauya hannu, ya tallafo maƙwabcinsa Kalilu ta hammata, suka tsallake dokin ƙofa a hankali. Mutumin da a da yake saɓa tsani da gwangwanaye huɗu na fenti ya ratsa kasuwa da su, yau bai fi ƙunshin wanki nauyi ba. Hajo, matar Kalilu, ta biyo su zaure da matashin kai a hannu.

"Malam, don Allah kada ku daɗe. Likita ya ce kada ya sha iska."

"Likita bai ga bangona ba," in ji Kalilu. Tari ya sarƙe shi, sai da suka jira ya lafa kafin suka sa shi a cikin adaidaita sahun da ke jira a ƙofar gida.

Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Malam Uwaisu yana koyarwa a firamare har ya yi ritaya, Kalilu kuwa mai zane ne. Rabin allunan shagunan unguwar hannunsa ne, haka bayan manyan motocin da ke lodi zuwa Kongolam a bakin iyaka. Bai yi boko ba. In an kawo aikin da ke da rubutu, sai ya leƙo ta katanga da takarda, Malam Uwaisu ya rubuta masa da manyan baƙaƙe, shi kuma ya kwaikwayi siffarsu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake kwaikwayon raƙumi ko zangarniyar gero. Bai taɓa rubuta sunansa a jikin aiki ba. Al'adarsa ita ce, kafin ya fara komai, sai ya durƙusa a kusurwar ƙasa ta dama ya zana 'yar zabuwa da fentin mai, ya jira ta bushe. Duk direban da ya ga zabuwa ya san aikin wane ne.

Bangon da za su gani shi ne na tsohon siton gyaɗa da ke bayan tasha. A gabansa akwai shimfiɗaɗɗen daɓen siminti, inda samarin gari suke wasa da katakon gudu, wani ɗan katako mai tayoyi huɗu da suke tsintowa a kayan gwanjon da ke shigowa ta iyaka. Su suka roƙi Kalilu ya yi musu ado a bangon. Wata bakwai ya yi yana yi, ba wanda ya sa shi, har ƙirjin da ya sha warin fenti da fetur shekara arba'in ya kayar da shi saura taku biyar ya gama.

Malam Uwaisu ne ya kira Sagir ya zo ya ƙarasa bangon. Wannan shi ne abin da ke ci masa rai yanzu, yana zaune a gefen Kalilu, adaidaita tana girgiza su a kan kwalta. Sagir a gidan Kalilu ya tashi, a nan ya koyi riƙe buroshi, Hajo ce ta ciyar da shi shekara tara kafin ya koma Kano ya buɗe shagon buga allunan talla da inji. Ya zo kuwa da gudu, ya durƙusa gaban gado ya ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Ko barci nake na san hannunka." Kwana huɗu ya ƙarasa aikin.

Shekaranjiya sai ga Mahdi, makanikin babur ɗin da ke shugabantar masu katakon, ya zo da waya a hannu, fuskarsa a murtuke. Wata ƙungiya daga Abuja ta zo ta ɗauki hoton bangon. Ga Sagir nan a cikin wayar, da hular zamani da tabarau, yana nuna bangon da hannu, yana bayanin yadda tunanin ya zo masa da irin wahalar da ya sha wata bakwai a rana. A kusurwar dama, inda zabuwa take, an shafe da farin fenti an rubuta sunansa da lambar wayarsa.

Malam Uwaisu ya buga masa waya a take.

"Sagir, me na gani haka?"

"Haba Malam, ai ka fi ni sanin zamani. Mutanen nan wanda zai yi musu bayani da Turanci suke so. In na ce aikin wani tsoho ne da ke kwance, wa zai saurara? Daga baya zan ambace shi."

"Zabuwar fa?"

"Malam, tsuntsuwa ce fa kawai. Baba ma ai ba fitowa zai yi ba."

Malam Uwaisu bai iya zagi ba, bai taɓa koya ba. Ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya kashe wayar. Ya yi niyyar ya bar maganar a cikinsa. Sai ga shi da safen nan Kalilu ya kafe sai an kai shi ya ga aikinsa a gama.

Tun daga nesa suka fara jin ƙarar tayoyi a kan siminti. Da samarin suka hango wanda ke cikin adaidaitar, sai duk suka diro daga katakonsu. Mahdi ya rugo ya durƙusa.

"Baba Kalilu! Sannu da jiki."

"Kai, mai karya ƙafa. Har yanzu ba ka yi hankali ba?"

"Sai ka warke ka koya mini, Baba."

Suka ɗauko benci, Kalilu ya ce ba zai zauna ba. Daga hagu zai fara, yadda ya fara. Malam Uwaisu a dama, Mahdi a hagu, suka bi bangon da shi taku-taku. Ga motar lodi ta karkace da buhunan wake. Ga shanun kasuwar Mai'adua, kowace da irin ƙahonta. Ga matan ƙauye da ƙoren nono, an zana su ta baya, don Kalilu ya daina zana fuskar mutum tun da ya dawo daga Hajji. Samarin ma ƙafafunsu kawai ya zana, a kan katako, a sama, silifa ɗaya ta tsinke tana tashi. Kowa a cikinsu ya san ƙafarsa.

"Waccan mai kaushin taka ce, Mahdi."

"Baba, ka ƙara mata kaushi dai."

"Rage mata na yi, don kada a ƙi ba ka mata."

Aka yi dariya, har da Kalilu, duk da dariyar tasa a tari ta ƙare. Malam Uwaisu bai yi ba. Yana ƙirga takun da ya rage, yana addu'ar mutumin ya gaji ya ce a koma.

Suka iso inda Sagir ya ƙarasa. Kalilu ya tsaya ya duba zangarniyoyin gero, ya gyaɗa kai. "Ya yi sauri a nan, amma ba laifi. Hannun yana nan." Sa'an nan idonsa ya sauka kusurwar ƙasa.

Wani katako da aka saki ya gangara shi kaɗai ya bugi bango.

"Malam, karanta mini."

Malam Uwaisu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. A rayuwarsa bai taɓa karanta wa mutumin nan abin da ba shi ke rubuce ba.

"Sunan masu ƙungiyar ne, ina jin," ya ce, muryarsa can ƙasa.

Kalilu ya juyo ya dube shi, duban da ba fushi a ciki.

"Kai ma, Malam? Ai na san shi. Ranar da zai buɗe shago a Kano, kai ka rubuta mini shi a bayan kwalin sukari, ni na zana masa a allo. Ga harafin nan mai kama da maciji a farko. Kwana uku na yi ina gyara lanƙwasarsa."

Kalilu ya ce a sauke shi. Suka durƙusar da shi a gaban farin, ya miƙa hannu ya shafa, ya murza yatsunsa, ya kai hanci. Sai a lokacin fuskarsa ta canza.

"Fentin ruwa ne. Fentin ruwa ya ɗora a kan na mai, ko gogewa bai yi ba." Ya girgiza kai. "Shekara tara. Ban koya masa haka ba, Malam. Wallahi ban koya masa haka ba."

Mahdi ya zaro sukuddireba daga aljihu. "Baba, yanzun nan zan kankare shi. Ka ba ni izini kawai."

"Mai da abinka. Za ka ji mata ciwo. Kada wanda ya taɓa wurin nan, kun ji ko? Ku bar wa damina." Ya ɗaga hannuwansa biyu kamar yaro. "Ku kai ni gida."

Da suka kusa kwanar gida, Kalilu ya juyo wurin Malam Uwaisu. "Kada ka gaya wa Hajo. Ita har yanzu ɗanta take ce masa."

"Ni na kira shi, Kalilu. Ka yafe mini."

"Kai ka kira shi. Ni na rene shi. Wa zai yafe wa wa?"

Kwana shida Kalilu ya ƙara a duniya. Ranar Talata da hantsi, Malam Uwaisu yana ba tumaki ruwa, ya ji salatin Hajo ta kan katanga. Ya ajiye bokitin, ya yi alwala, ya zaga. Bayan azahar aka kai shi. Direbobin tasha sun zo, masu shaguna sun zo, samarin katako suka karɓi makara suna ba juna har maƙabarta.

Sagir ya iso ranar addu'ar uku da farar mota. Ya shiga ciki wurin Hajo ya yi kuka sosai, ana jiyo shi daga zaure, tana ba shi haƙuri. Da ya fito ya durƙusa gaban Malam Uwaisu ya miƙo hannu biyu.

"Malam, ya haƙuri? Mun yi rashin uba."

Malam Uwaisu ya karɓi hannun, don tabarmar makoki ce.

"Ya je ya gani, Sagir."

Sagir ya ɗago. "Ya gani? To... me ya ce?"

"Ya ce geron ba laifi. Ya ce fentin ruwa ba ya zama a kan na mai."

Sagir ya jira ko akwai saura. Babu. Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwar wandonsa, ya ce yana da baƙi a Kano da yamma.

Damina ta yi jinkiri a shekarar. Kowace Juma'a in an sauko, Malam Uwaisu yakan bi ta bayan tasha, ya tarar da farin yana nan daram da suna da lambar waya. Ƙungiyar ba ta dawo ba. Mahdi ya ce yanzu ana kiran Sagir har Legas ya yi wa mutane bango.

Ruwan farko ya sauka wata Laraba da rana, na biyu bayan kwana huɗu, mai iska, daga gabas, yana dukan bangon kai tsaye. Washegari da safe Malam Uwaisu ya ɗauki sandarsa ya tafi. Daɓen bai bushe ba, samarin suna zaune a kan katakonsu suna jiran rana. Da ya iso, sai suka matsa suka ba shi hanya.

Farin ya kumbura ya tsage kamar ɓawon rogo. Rabin sunan yana nan, rabin ya zube a gindin bango ya yi farin taɓo. Ta cikin tsagar, ɗan kai shuɗi da jan zanko ya leƙo, da ido ɗaya, da ɗigo-ɗigon wuya guda biyar ko shida.

Malam Uwaisu ya jingina sandarsa, ya tattara rigarsa, ya zauna a jiƙaƙƙen simintin kusa da ita.