Gayya a Gonar Malam Lukuman

Mansur mutumin Tsafe ne, ya daɗe yana aiki a sashen binciken noma na wata jami'a bai matsa ko'ina ba. Shi ne awon ƙasa, shi ne ƙirgar zangarniya, waɗanda suka tarar da shi kuwa sun tafi kwas sun dawo suna aiken sa. Da daminar 1998 ta kama, shugabansu Dakta Yakubu ya kira shi zuwa ɗan ofishin da aka ara musu a Gusau, ya ce bana zai ba shi gwaji nasa na kansa, ya rubuta sakamakon, a kai gaban kwamitin ƙarin girma da rani. Mansur ya yi godiya da baki. A zuci kuwa tambaya yake, me mutumin nan yake nema a wurina?

Gwajin na wuta-wuta ne, ciyawar nan da ke shanye dawa tun daga saiwa. Aka samu gonar wani dattijo, Malam Lukuman, a bakin hanya bayan Bungudu. Mansur ya raba ta uku da turaku. Ɓangare ɗaya aka zuba taki, ɗaya aka haɗa dawa da wake, na ukun kuwa a bar shi yadda ya fito, kada a cire ko tsinke. Da na ukun nan ake gwada sauran, in babu shi aikin banza aka yi. Ya nanata wa dattijon har ya gaji, dattijo yana gyaɗa kai yana cewa to.

Abin da ya ƙara hana shi sakewa, an ba abokin aikinsa Gideon irin wannan gwajin a Bilbis, gurbin kwas kuma guda ne. In Gideon ya tambaye shi ya gona, sai ya ce lafiya, ya ja bakinsa. Ran da Gideon ya ce zai biya ta Bungudu, ko ya duba masa, Mansur ya ce a'a tun bai rufe baki ba.

Wata safiya cikin watan tara ya sauka daga kabu-kabu a bakin gonar, ya tsaya turus. Ɓangare na uku tas yake, kamar an share tsakar gida. Turaku na nan a kafe, wuta-wuta babu ko ɗaya. Bai ma nemi mai gona ba. Ya ce a ransa manomi ba ya tsayawa mayar da turke daidai layi, wannan aikin wanda ya san aiki ne. Ya juya Gusau, ya tarar da Gideon yana cin ƙosai, ya ɗora masa laifin komai a gaban Dakta.

Gideon ya ajiye ƙosan ya dube shi. "Malam Mansur, ni da ko fartanya ban iya riƙewa ba?"

Dakta Yakubu bai yi doguwar magana ba. Ya ce su shiga mota.

Suka sami Malam Lukuman a gindin ɗorawa, ya tarbe su yana fara'a kamar mai jiran yabo. Ya ce bayansa ne ya riƙe, ya kwanta, sai maƙwabta suka kira masa gayya. Samarin unguwa kaf suka fito, da kiɗa, mata suka dama fura. Kafin rana ta take sun gama, har turakun da suka tumɓuke shi ya sa aka mayar don kada Malam Mansur ya ji haushi.

"Baba, ai na gaya maka a bar nan," in ji Mansur.

"Ni ka gaya ma. Su hwa? Mutane sun baro nasu aiki sun zo, in tashi in ce ku rage min haki? Gayya ba ta barin saura, Malam. Kuma gona bakin hanya, kowa shina wucewa ran kasuwa. Har cewa aka yi Lukuman ya tsufa, wuta-wuta na yi mashi fure."

Mansur bai haƙura ba. Ya nuna Gideon ya tambaya ko wannan ya taɓa zuwa nan, ko shi ya ba da shawarar gayyar. Dattijon ya ƙare wa Gideon kallo ya ce bai san shi ba, amma da ya zo ranar da ya sha fura.

Dakta ya ja Mansur gefe. Ya ce gwajin bana ya mutu, kuma ba zai yarda a ƙirƙiro lamba ba, kada ma ya fara. Amma ya ce shi kansa sau biyu haka ta same shi, wasu ma ta same su, kowa sai ya yi shiru ya canza gona. Ba wanda ya taɓa zama ya rubuta dalilin da ya sa manoma ba sa barin ɓangaren nan, da yadda za a shirya da su tun farko. Ya ce Mansur ya rubuta wannan.

"Kwamiti za su karɓa?"

"Ban sani ba. Kwas ɗin bana dai ina jin Gideon ne. Ƙarin girman kuwa zan tsaya maka."

Mansur ya dube shi tsawon lokaci, yana neman inda tarkon yake. Bai gano ba, bai kuma yarda babu ba. Gideon na jingine da mota yana jiran a ba shi haƙuri, bai samu ba.

Mansur ya ce su tafi, zai biyo motar haya. Ya koma gindin ɗorawa, ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma, ya ce wa dattijon ya fara masa daga farko, wa ya kira gayyar, kuma da wurin wa aka je tun da wuri da an bar ɓangaren nan da hakinsa.