Tabar Husaini

Ƙanena Mijinyawa bai taɓa zuwa na uku a aji ba tun yana firamare, amma kuma bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Na biyu dai, kullum na biyu. Na ɗayan kuwa Husaini ne, ɗan Malam Ɗanbala tela na unguwar Liman Abaji. A gidanmu na Tudun Ƙofa, in kana so tuwo ya fita ran kowa, to ka ambaci sunan yaron nan.

Abin haushin, yaron ba shi da laifin da za ka kama. Ya gan ka a hanya sai ya rusuna, "Yaya Lailatu, ina wuni," da wandonsa mai faci a gwiwa. Ka amsa masa da fara'a, ka wuce kana cizon leɓe. Inno, mahaifiyarmu, takan ce ai malamai ne ke son kai. Ni kuma nakan ce ko uban nasa ne yake masa rubutun sha. Kowa dai da abin da yake lallashin zuciyarsa da shi.

Shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji na ƙarin albashi, lokacin da kowane akawu a Keffi ya sayi babur, suka shiga aji biyar na sakandare. Sai shugaban makarantarsu ya sanar cewa gwamnati ta ba su gurbin karatun injiniya a ƙasar waje, na mutum ɗaya tak, wanda ya fi kowa a jarrabawar fita. Daga ranar Mijinyawa ya daina cin abincin kirki. Ya ce shi fa sai ya gano asirin Husaini.

Na ce masa, "Wane asiri? Yaron nan da an sallame asuba yake ɗaukar littafi. A aji ya dami malamai da tambaya. Da la'asar ya zauna a shagon ubansa yana maimaita masa karatun ranar da ƙarfi, har masu kawo ɗinki sun fara iya lissafi. Kowa na gani."

"Shi ya sa ba shi ba ne, Yaya," in ji shi. "Abin da kowa ke gani ai ba asiri ba ne."

Haka ya shiga bin sawun Husaini. Ana nan sai ga shi wata rana ya dawo yana washe baki kamar wanda aka yi wa albishir. Wai ya ga Husaini ya zaga har Gangaren Tudu, wajen wani mai tebur da bai san kowa nasu ba, ya sayi taba sigari kara uku ya cusa a cikin safa. Washegari ma haka. Sai Mijinyawa ya tare shi a hanya ya ce, "Wa kake saya wa?"

Husaini ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Tawa ce. Don Allah ka rufa min asiri."

A lokacin nan akwai wata magana da ke yawo a bakin 'yan makaranta, wai taba na buɗe kai, tana kore barci, abin da ka karanta da hayaƙinta ba ya fita. Mijinyawa ya haɗa wannan da wancan, ya ce shi ke nan, ya gane.

Ƙanen nan nawa kuwa da ciwon fuka aka haife shi. Tun yana goye Inno ba ta bari ya kusanci murhu, don hayaƙin itace kaɗai kan sa numfashinsa ya riƙa fita da ƙyar yana fito. Shi ne zai kama taba.

Ranar da na fara jin warinta a rigarsa, ban tsaya wata-wata ba na kai ƙara wajen Inno. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ja masa kunne har ya rantse ya bari. Amma da ta ji inda ya koyo, wallahi sai na ga fuskarta ta saki. "Ashe ɗan malamin mashayi ne," in ji ta. Kafin sati ya zagayo, babu gidan suna ko na biki a Tudun Ƙofa da maganar ba ta shiga ba. Mun ji daɗinta sosai, har ta shagaltar da mu daga namu yaron. Husaini bai taɓa musawa ba. Ya ci gaba da gaishe mu yadda ya saba.

Mijinyawa kuwa waje kawai ya canza. Ya koma sha a bayan gari, ya tauna ganyen gwaiba ya dawo gida. Ya ce in Husaini na shan uku, shi biyar zai sha. Tari ya kama shi, muka ce sanyin damina ne. Karatu dai yana yi kamar zai cinye littafin, wannan ba zan rage masa ba.

Aka fara jarrabawa, ya yi takardun farko lafiya lau. Ranar lissafi, takardar da ta fi kowace nauyi a wajen mai neman injiniya, ya fita da wuri. Daga baya muka ji cewa bayan katangar makaranta ya laɓe, ya riƙa kunna taba, wata da wutar wata, don kai ya buɗe sosai. An raba takarda ke nan, ko sunansa bai gama rubutawa ba, numfashi ya sarƙe. A motar wani malami aka kai shi asibiti.

Da la'asar na kai masa kunu. An kwantar da shi a ɗakin maza, ya farfaɗo, idanu sun yi zuru-zuru. A gadon da ke kusa da shi wani tsoho ne ya rame ƙwarai, yana tari a cikin gwangwani. Sai da na duba da kyau na gane Malam Ɗanbala ne, mahaifin Husaini. Ashe ya kwana biyu a nan. Mun dai san yana fama da tari, ana cewa ƙurar yadi ce.

Ina cikin gaishe shi sai ga Sista Filomina, ma'aikaciyar jinyar ɗakin, mace mai faɗin magana yadda ta zo mata. Ta tsaya tsakanin gadajen biyu ta riƙe ƙugu.

"Ku duba min," in ji ta. "Baba ya sha taba tun kafin a haife ni, huhu ya ƙare. Wannan kuma jiya-jiya ya fara, yana sauri ya kamo shi. Baba, an ce ka bari, amma jiya na tsinci guntu a ƙarƙashin matashinka."

Malam Ɗanbala, mutumin da ke sahun gaba a masallaci, wanda ake kira raba gardama a unguwa, ya jawo hularsa ya rufe fuska. Dattijo irinsa ba ya tsayawa gaban mai tebur ya ce a ba shi sigari, kuma ba a ganin hayaƙi a bakinsa. Ɗa ake aika, nesa da unguwa, ɗan kuma ba ya tona uba ko da za a yanka shi. Mu da aka haifa a garin nan mun san haka sarai. Son mu sami abin faɗa a kan yaron ne ya rufe mana ido.

Husaini na tsaye a bakin ƙofa da kwanon abinci, ya ji komai. Ya shigo ya ajiye kwanon, ya gaishe ni, ya yi wa Mijinyawa sannu.

Mijinyawa ya ce da shaƙaƙƙiyar murya, "Kai ka ce min taka ce."

"Me kake so in ce maka?" in ji Husaini. "Ban taɓa sa ta a baki ba."

Ya zauna a gefen gadon ubansa. Malam, daga ƙarƙashin hula, ya ce, "Yaya takardar?" Sai Husaini ya fara zayyana masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba yi a shago. Na so in ce ya yi shiru saboda ƙanena, amma ban ga ta inda zan fara ba.

Da ya zo kan wata doguwar tambaya ta tanki da famfo biyu, sai na ga leɓen Mijinyawa na motsi. Ya ɗaga yatsa yana zane a iska. Kafin Husaini ya rufe baki, ya faɗi amsar, har da hanyar da ake bi a kai gare ta, yana yi yana tsayawa ya ja numfashi.

Husaini ya juyo ya dube shi. Ya yi lissafin a ransa, ya gyaɗa kai.

"Haka ne," ya ce. "Ita ce ta gagare ni yau. Ban ma taɓa ta ba."

Mijinyawa ya juya fuskarsa bango ya ja bargo. Na ce ya tashi ya sha kunun tun da ɗumi, sai ya ƙara jan bargon ya rufe kansa.