Kwaɗo a Pompon Hajiya Saratu

"Ajiye cokalin nan, Abdoulkarim!"

Safiatou ba ta san da ƙarfi ta yi maganar ba sai da matan da ke tsakar gida suka yi tsit. Abdoulkarim na durƙushe gaban mahaifinsa, Alhaji Zailani, zai ɗiga masa ruwa a baki.

"Haba Safiatou, an fa tafasa shi."

"Na gaya maka tun safe, tafasawa ba ta fitar da wannan."

Safiatou ma'aikaciyar jinya ce, katanga ɗaya ta raba gidanta da na Alhaji a unguwar Banifandou. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a ƙofar gidansa, sadaka ga matarsa marigayiya Hajiya Saratu, ya kuma rantse ba za a taɓa rufe pompon ba. Ko ruwan gari ya ɗauke kwana uku, layinsu bai san ƙishirwa ba. Ruwa garau, ba wari, ba ɗaci. To wa zai zarge shi?

Sai tafin hannun Alhaji ya yi kanta kamar na manomi, mutumin da atamfa kawai yake aunawa a kasuwar Wadata. Baƙin tabo ya feso masa a ƙirji, ƙafa ta yi gyambo, daga baya fitsari ya koma jini. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ciwon suga. Ita ma Safiatou, da duk iliminta, ba ta farga ba sai ran da ta ga irin kantar nan a hannun 'yarta Adama. Ta cika kwalba ta kai a auna, yau da safe takarda ta fito: arsenik, gubar da ke cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa, tana cin mutum sannu a hankali.

Ta nuna wa Abdoulkarim, ya ce atafau. "Rantsuwar Baba ce. Ki bar shi ya tafi da farin cikinsa, bayan sadakar arba'in ma gani."

Arba'in! Ga 'yan makoki za su cika layi, kowa da wannan ruwa za a tarbe shi. Yanzu ma tana jin ƙarar bido, wato jarkar ruwa, yana cika a waje, kowane ɗaya kuwa gidan wani za shi.

Alhaji ya buɗe ido. "Me kuke ɓoye mini?"

Abdoulkarim ya galla mata harara. Wallahi ta so ta yi shiru, don tsohon nan shi ya yi wa Adama huɗuba. Amma ta durƙusa.

"Baba, ruwan pompon ne. Akwai guba a ciki. Shi ya kwantar da kai."

"Ruwan Saratu?"

"Shi, Baba."

"Wa ya zuba?"

"Ba kowa. Daga ƙasa take."

Ya daɗe yana kallon rufin kwano. Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne.

"Ashe alhaki nake aika mata, ba lada ba."

"Ba ka sani ba, Baba, Allah niyya yake dubawa. Amma yanzu ka sani. Irin kantarka ta fara fitowa a hannun Adama."

"Innalillahi!" Ya yunƙura, ya kasa. "Abdoulkarim, ɗauko kwaɗon shagona da sarƙa. Ka ɗaure kan pompon."

"Baba, rantsuwarka..."

"Ka yi mini kaffara. Tashi, tun ina da baki!"

Abdoulkarim ya fita yana share ido. Suka ji hayaniyar mata a waje, da kukan sarƙa a jikin ƙarfe. Sai ƙarar ruwa ta ɗauke.

"Ƙishirwa," in ji Alhaji.

Safiatou ta yi maza ta huda ruwan leda. Ya kau da kai.

"Ba ni ruwan Saratu. Ni kam ya riga ya gama da ni, 'yata. Abin da ya rage a kofin nan, kar kowa ya sha sai ni."

Ta daɗe riƙe da cokalin. Sannan ta yi bismilla, ta ɗiga masa da hannunta.

Kafin la'asar Alhaji ya cika. Da ta fito, bido goma sha biyu na jere a ƙofar gida yadda masu su suka bar su, fayau. Adama na tsaye tana kallon bakin pompon, inda ɗigo ɗaya ya rataye ƙarƙashin kwaɗon, bai faɗo ba tukuna.