Shekarun Wansa

Mushe Sha'ibu, wato Malam Sha'ibu da harshen Turawa, yana koyarwa a lakwal, makarantar boko ta Dogon Dutsi. Abu guda yake so a duniya: ya kwana a ɗakin da ya gina da kansa. Shekara huɗu da samun 'yancin kai, har yanzu yana cikin gidajen gwamnati na ma'aikata, ɗaki biyu-biyu a jere. Kowane wata sai an yanke masa dala ɗari biyu a albashi, wai kuɗin gyara. Gyaran me? Rufin yana yoyo tun zamanin Turawa. Da damina matarsa Ajuma ba ta da kwanon tuwo, duk suna ƙasa suna tarar ruwa. Kuma ran da ya ajiye aiki, ran nan zai ba da makulli.

Da aka ce an buɗe rancen gina gida ga ma'aikata, har da gudunsa. Fili yana da shi, ya ma sa an buga tubali. Ya kai takardunsa biro, ofishin gwamnati, wajen akawu Issa, abokin karatunsa.

Issa ya duba, ya sake dubawa, ya tura masa su.

"Mushe, ba ka ciki. Wanda ya wuce arba'in ba a ba shi, don ba zai gama biya ba kafin ya ajiye aiki. Kai arba'in da huɗu gare ka."

"Talatin da takwas!"

"Takarda ba ta ce haka ba."

Mushe kuwa ya san inda takardar ta samo shekara shidan nan. Shi ba Sha'ibu ba ne, Maikano ne. Shekarar da kumandan, Baturen mulki, ya aiko garinsu Matankari a ba da yara lakwal, sunan wansa Sha'ibu ya fito. Sha'ibu kuwa ya isa riƙe hauya, ubansu ya ce wallahi ba zai ba da hannun noma ba. Sai ya kamo Maikano, ɗan shekara bakwai, ya ce masa, "Daga yau in an ce Sha'ibu, ka amsa." Kumandan kai guda yake nema, ya samu. Wa ya tsaya duba haƙora?

Mushe ya sunkuya ya gaya wa Issa duka. Issa ya tashi ya rufe ƙofa.

"Kana iya zuwa gaban alƙali da shaidu, a mayar maka da shekarunka," in ji shi. "Amma ka yi tunani. Takardar gama karatu ta Sha'ibu ce. Aikin ma Sha'ibu aka ɗauka. Maikano bai taɓa taka lakwal ba, balle a ba shi rance. Ni ban ji komai ba, kai ma ba ka faɗa ba."

Kai, wannan abu da ciwo yake! In ya yi shiru, ya tsufa. In ya yi magana, babu shi. Ya fito yana jin haushin ubansa da ke kabari, yana kuma jin kunyar haushin. Ya bi ta filinsa, ya ga ruwan jiya ya fara cin tubalin. Bai tsaya ba.

Ran kasuwa sai ga wansa a kan jaki, ya kawo musu damin hatsi biyu. Mutum ne mai murya, shi da raɗa ba su taɓa haɗuwa ba. Tun daga bakin layi ya kwaɗa kira:

"Maikano! Maikano, ina gidan da aka ce za ka gina?"

Maƙwabta suna zaune a inuwa, duk ma'aikata, har da mai rubuta albashi. Suka ɗago kai.

Mushe ya fito da sauri, ya durƙusa ya gaishe shi, ya kama hannunsa ya ja shi ciki, suka tsallake kwanonin Ajuma.

"Yaya, don Allah," ya ce, "kar ka ƙara kirana da sunan nan a garin nan."

Wansa ya dube shi.

"To da wane zan kira ka?"

Mushe ya dubi ƙasa. "Da naka."