Kular Maman Mutale

Kangwa ya tura kular abincin da ƙafa ta ƙarƙashin benci, idonsa na kan talabijin ɗin bango kamar bai san abin da ƙafar ke yi ba. Jere ya sunkuya da sunan gyara takalmi, ya ɗago da ita a cinya.

"Yau kuma wane birin aka yanka mana?" in ji shi yana buɗewa.

"Ci ka rufe mini baki, jikan masu gasa ɓera."

Kangwa ɗan Bemba ne daga Kasama, Jere ɗan Ngoni daga Chipata, abokan wasa tun kaka da kakanni. Ranar da suka fara haɗuwa a layin masu jiran gashin na'ura a asibitin nan na Lusaka, kowa da ƙari a huhu, da zagi suka gaisa, sai zumunci ya ƙullu.

Hasken da ake harba wa ƙarin Kangwa da kaluluwar da ke tsakanin huhunsa ta maƙoshi yake bi, kuma ya ƙone shi. Ko yawu sai ya yi shawara kafin ya haɗiye. Amma bai isa ya faɗa ba. Matarsa, Maman Mutale, ta gama magana tun a motar Kasama: mahaifinta a asibiti ya daina cin abinci, a asibiti ya mutu cikin baƙi. Don haka duk ranar da kula ta dawo mata da saura, za ta naɗe kaya su koma gida, na'ura ta gasa wani. Mace ce da ba ta maimaita magana. Shi kuwa Kangwa tsoron komawar nan yake yi, domin an ci rabin gashin, kuma bai shirya mutuwa ba, ko a ɗakinsa ne.

Allah ya taimake shi, 'yan jinya iyakarsu rumfar waje. Jere kuma ba shi da kowa a Lusaka, wake da kabejin masaukin marasa lafiya sun ishe shi. Kullum kula na fita a suɗe tas. Ganin haka Maman Mutale ta aro babba wajen ƙanwarta da suka sauka a gidanta, ta ƙara nshima, wato tuwon masara, ta ƙara kapenta, ƙananan busasshen kifin nan, ranar Litinin har da kaza. Da dare Kangwa ya ce na rana bai sauka ba, ta yarda, tunda ita ta zuba da hannunta. Ya koma sa rigar sanyi biyu ƙarƙashin kwat don ɓoye rama.

Jere kuwa kumatu suka fito, wuya ya yi layi. A layin da kowa ke zubewa, shi kaɗai ke sheƙi. Wata tsohuwa har roƙo ta yi a mayar da ita bayansa, wai a lokacinsa na'urar ta fi albarka.

Sai dai a ɗakin gashi tuɓe riga ake yi, kuma na'urar ba ta harbi sai ta ɗauki hoto ta gwada da na farko. Yau Jere bai kai rabin kula ba aka kira shi. Bai daɗe ba ya fito yana ɓalla maɓalli, ya ce an ƙi gasa shi, wai ya fi ƙarfin shimfiɗar da aka matse daidai jikinsa. Kangwa bai gama dariya ba aka kira sunansa. Ya kwanta, hannuwa bisa kai. Na'ura ta zagaya shi, ta tsaya. Ya jira ƙarar da ya saba ji, shiru.

Dakta Namakau ta sa aka kira matarsa. Ta ɗora hoton farko kan na yau a allon kwamfuta. Ga zanen tsohon Kangwa a waje, ga sabon a ciki yana lilo kamar yaro a rigar ubansa. Ta ce ƙarin ya ragu, wannan abin murna ne. Amma mai ƙarin ma ya ragu, kaluluwar ta goce daga inda aka saita, hasken na neman sauka inda lafiya take. Sannan ta tambaya me yake ci.

Maman Mutale ta gyara zama ta lissafa. Da ta zo kan kaza, likitar ta dubi allo, ta dubi Kangwa, ta sake duban allo, kamar kazar na iya ɓuya bayan haƙarƙari. Kangwa ya duƙufa yana nazarin takalminsa.

Aka turo ƙofa. Jere ne, kula a hammata.

"Likita, kada ki wahala neman sauran Kangwa," ya ce. "Yana jikina."

Likitar ta cire tabarau ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Da ta dawo daidai ta ce su duka biyun gobe za a sake musu hoto a sake saiti. Kangwa za a ba shi maganin da ke kashe zafin maƙoshi, ya koma kunu da madara. Ta juya ga matar ta ce, a hankali, gashin da aka bari a rabi kaluluwa ba ta jiran a dawo.

Maman Mutale ta miƙe. Ta zare kularta daga hammatar Jere ta fita. Dattawan biyu suka bi ta a baya sumui-sumui, Kangwa na jin motar Kasama na diri a kunnensa.

A rumfa ta zauna, ta wanke hannu da ruwan gora, ta buɗe kula. Kangwa ya zaci ƙirga abin da ya saura za ta yi. Sai ta gutsuri nshima ta kai baki. Ta sake gutsura. Ci take da sauri, kai a sunkuye, irin cin wanda ya daɗe bai ƙoshi ba. A nan Kangwa ya nemi ranar ƙarshe da ya ga tana cin abinci, bai samu ba. Kullum cewa take ta ci a kicin. Ya ga ƙashin wuyanta a fili, ya ga zaren da ta naɗa wa zoben aurensu don kada ya sulluɓe. Ita babu na'urar da ke ɗaukar hotonta kowace safiya. Kunya ta kama shi, ta fi maƙoshin zafi.

Jere ya zauna can ƙarshen benci.

Sai da ta suɗe kular tas, ta mayar da murfi, ta goge baki da gefen zane.

"Baban Mutale," ta ce, ba ta dube shi ba, "ƙarfe nawa ta ce a zo hoton goben?"